Tarihin Jinyar Raunin Zuciya da Aikin Makiyayi

Gabatarwa

Kalmar "trauma", wadda likitoci suke amfani da ita a yau, daga Helenanci take, ma'anarta kuwa rauni, irin na sara ko na suka. Sau ɗaya ta fito a Sabon Alkawari, a Luka 10:34, inda Basamariyen nan ya ɗaure raunukan mutumin da 'yan fashi suka bari kwance a hanyar Yariko. Wannan rauni ne na jiki, mai zub da jini. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka fara aron kalmar domin raunin da ido ba ya gani. Mutum ya tsira da ransa daga yaƙi, ko gobara, ko fyaɗe, jikinsa ya warke, amma barci ya gagare shi, bugun ƙofa yana sa shi zabura, abin da ya faru yana ta dawo masa sai ka ce yanzu yake faruwa. Hausawa sun daɗe da sanin alamar, shi ya sa suke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A wannan darasi za mu kira shi raunin zuciya.

Tun rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da Kaduna a 2000, da Jos a 2001, har zuwa yaƙin Boko Haram da hare-haren 'yan bindiga, da wuya a sami ikkilisiya a Arewa wadda ba ta da masu irin wannan rauni a cikinta. Da yawansu ba za su taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba. Fasto za su gani. Saboda haka ya kamata mai shirin hidima ya san yadda aka yi ta neman maganin wannan ciwo, domin tarihin cike yake da mutane masu kyakkyawar niyya waɗanda suka ƙara wa masu rauni zafi.

Nassi da Ikkilisiyar farko

Littafi Mai Tsarki bai ba ciwon suna ba, amma ya san shi. A Littafin Ƙidaya 31:19 an umarci mayaƙan da suka dawo daga yaƙi, waɗanda suka kashe mutum ko suka taɓa gawa, su zauna kwana bakwai a bayan zango kafin su shiga cikin jama'a. Bayan da Babila ta rushe Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, an sami Littafin Makoki, wanda surorinsa huɗu na fari suke bin jerin haruffan Ibrananci, kamar a ce an kwashe baƙin cikin tun daga harafi na fari har na ƙarshe. Wajen kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne, Zabura 88 ma ta ƙare cikin duhu ba tare da ta juya ga yabo ba. Akwai kuma misalin yadda ba a yi. A 2 Sama'ila 13, bayan da Amnon ya yi wa Tamar fyaɗe, ɗan'uwanta Absalom ya ce ta yi shiru kada ta sa abin a ranta. Mahaifinta Dawuda ya husata amma bai yi kome ba. Nassi ya ce ta zauna a gidan Absalom a kaɗaice, ba mu kuma ƙara jin muryarta ba.

Iyayen Ikkilisiya sun ɗauki makiyayi a matsayin likitan rai. A wajen shekara ta 374, Basil na Kaisariya ya rubuta cewa ba a lasafta kisa a fagen yaƙi kamar kisan kai, duk da haka ya ba da shawara sojan da ya zub da jini ya dakata da cin Jibin Ubangiji shekara uku. Kunnen yau zai ji wannan kamar horo, amma a cikinsa akwai yarda cewa wanda ya kashe mutum, ko da bisa umarni, ya dawo da kaya a zuciyarsa, yana kuma bukatar hanyar komowa. Sa'ad da Gotawa suka ci birnin Roma a 410, aka yi wa mata da yawa fyaɗe, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da take Aljeriya a yau, ya ɗauki zancen a farkon littafinsa na Birnin Allah. Ya koyar cewa tsarki a zuciya yake, wanda aka fi ƙarfinta ba ta rasa shi ba, laifin na mai fyaɗen ne, kada kuma kunya ta sa mace ta kashe kanta. Amma a wurin nan ya ƙara da cewa mai yiwuwa Allah ya bar abin ya faru domin ya ƙasƙantar da girman kan waɗansu. Ko babban malami irinsa bai kuɓuta gaba ɗaya daga neman laifin wanda aka cuta ba, za mu kuwa ga wannan hali yana ta sake fitowa.

Jirgin ƙasa da asibitin Paris

Binciken likitoci ya fara ne da haɗarin jirgin ƙasa. A 1866 wani likitan fiɗa na Landan, John Erichsen, ya rubuta a kan mutanen da suka fita daga haɗari ba ƙwarzane, amma daga baya suka kasa barci, suka kasa aiki. Ya ɗauka lakar bayansu ce ta jijjiga. A 1883 Herbert Page, likitan wani kamfanin jirgin ƙasa, ya ce tsoro kaɗai ya isa ya jawo haka. Da yake akwai maganar biyan diyya a ciki, sai aka shiga zargin marasa lafiyan da ƙarya. A Amurka kuma, Jacob Da Costa ya bincika sojoji wajen 300 na yaƙin basasar ƙasar masu fama da bugun zuciya da sarƙewar numfashi, ya buga sakamakon a 1871.

A asibitin Salpêtrière na Paris, Jean-Martin Charcot ya nuna cewa firgita tana iya shanye wa mutum hannu ko ƙafa alhali jijiyoyinsa lafiya lau. Pierre Janet, wanda ya yi aiki tare da shi, ya bayyana cewa in abu ya fi ƙarfin mutum, tunaninsa ba ya iya ajiye shi a jere kamar sauran labarai. Sai ya tsaya a gefe guntu-guntu, yana faɗo wa mutum a mafarki ko a farke. Jinyar Janet mataki-mataki ce: a kwantar da mutum tukuna, sa'an nan a taɓa abin da ya faru, daga baya a mai da shi ga harkokinsa.

A Biyana, Josef Breuer da Sigmund Freud sun buga littafi a 1895 suna cewa alamun ciwon suna raguwa in mara lafiya ya faɗi abin da ya same shi tare da motsin zuciyar da ke cikinsa. A 1896 Freud ya sanar cewa marasa lafiya 18 da ya duba an yi lalata da su tun suna yara. Abokan aikinsa ba su karɓi zancen ba. A 1897 shi kansa ya janye, ya mai da hankalinsa ga sha'awa da ƙage-ƙagen tunanin yaro. Shekaru da yawa bayan haka, macen da ta ce an ci zarafinta a gida tana iya samun likitan da zai ɗauki zancenta a matsayin mafarki.

Yaƙin Duniya na Ɗaya

Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya sa ba yadda za a kau da kai. Jarumawan maza suka riƙa fitowa daga ramukan yaƙi suna makyarkyata, waɗansu sun bebance, waɗansu ba sa gani. A Fabrairu 1915 Charles Myers ya rubuta a mujallar Lancet ya kira abin kaɗuwar harsashin igwa, domin an zaci fashewar ce take jijjiga ƙwaƙwalwa. Ba a daɗe ba aka ga har waɗanda harsashi bai faɗi kusa da su ba suna kamuwa. Rundunar Birtaniya kaɗai ta sami wajen mutum 80,000. Manyan hafsoshi da yawa sun ce ragwantaka ce. An harbe sojoji 306 na Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta saboda laifuffuka irin su gudu daga fagen fama, a cikinsu akwai masu wannan ciwo. Sai a 2006 gwamnati ta yi musu afuwa, shekara kusan casa'in bayan mutuwarsu.

Likitoci biyu sun nuna hanyoyi biyu. Lewis Yealland, a Landan, ya rubuta da kansa a 1918 yadda ya kulle wani soja da ya bebance a ɗaki, yana jona masa lantarki a maƙogwaro, ya ce ba zai fita ba sai ya yi magana. William Rivers, wanda mahaifinsa fasto ne na Angilikan, ya yi aiki a asibitin Craiglockhart kusa da Edinburgh. Ya lura cewa shawarar da kowa yake ba sojojin, wato su manta, ita take ƙara musu ciwo, domin abin da suka danne da rana shi yake tashinsu da dare. Ya ba da labarin wani hafsa da ya tarar da gawar abokinsa a tarwatse, yana ta ganinta a mafarki. Rivers bai ce masa ya manta ba. Ya zauna da shi har suka sami abu ɗaya da zuciya za ta iya riƙewa: yadda gawar take ya tabbatar abokin ya mutu nan take, bai sha doguwar azaba ba. Daga nan hafsan ya iya tuna abokinsa, mafarkan kuma suka yi sauƙi.

Da yaƙin ya ƙare, aka mance da darasin. Abram Kardiner, wanda ya yi jinyar tsofaffin sojojin Amurka, ya tattara alamun ciwon a littafinsa na 1941, daidai lokacin da wani yaƙin ya sake bukatarsu. A 1946 masu bincike biyu na sojan Amurka, John Appel da Gilbert Beebe, suka kammala cewa ba wanda yake sabawa da yaƙi, kowane soja zai karye in ya yi kwana 200 zuwa 240 a bakin daga. Wannan ya raunana zancen ragwantaka ƙwarai.

Masu hidima sun shiga asibiti

A tsakanin yaƙe-yaƙen nan biyu, wani fasto Ba'amurke mai suna Anton Boisen ya yi taɓin hankali a 1920, aka kwantar da shi. Da ya warke, ya zama mai hidima a asibitin masu taɓin hankali na Worcester, a 1925 kuma ya kawo ɗaliban tauhidi huɗu su koyi aiki a gefen gadon marasa lafiya. Koyarwarsa ita ce ɗalibi ya koyi karanta mutum mai wahala da irin natsuwar da yake karanta nassi. Daga nan horon hidimar asibiti ya bazu a makarantun tauhidi na ƙasashe da yawa.

A Nuwamba 1942 gobara ta kashe mutum 492 a wani gidan rawa a Boston. Erich Lindemann ya bi waɗanda suka rasa nasu, a 1944 ya bayyana cewa makoki aiki ne da dole mutum ya yi, wanda kuwa ya ɗage shi yakan same shi daga baya da nauyi. Zaman makoki da gaisuwar ta'aziyya da muka gada suna yin wannan aiki. Abin lura shi ne, a lokacin rikici sau da yawa ba a samun gawa, ko a yi jana'izar mutum da yawa a rami ɗaya cikin gaggawa, dangi kuma sun warwatse. Makokin da ba a yi ba yana nan yana jira.

Yadda ciwon ya sami suna

Ƙungiyoyi biyu ne suka tilasta wa likitoci su saurara. A ƙarshen 1970 tsofaffin sojojin Biyetnam suka fara taruwa a New York suna ba juna labari, suka gayyaci likitoci biyu, Robert Lifton da Chaim Shatan, su zauna tare da su. A lokacin kuma mata suka fara magana a fili a kan fyaɗe da duka a gida. Ann Burgess, malamar jinya, da Lynda Holmstrom suka yi hira da mata 92 da aka kawo wani asibitin Boston bayan fyaɗe, a 1974 suka nuna cewa alamunsu irin na sojoji ne. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ciwon a kundinta, da sunan da ake taƙaitawa PTSD, wato ciwon damuwa bayan masifa. Manyan alamunsa su ne dawowar abin da ya faru a mafarki ko a farke, gudun duk abin da zai tuna da shi, da zama kullum a tsorace, har fiye da wata ɗaya. Muhimmancin wannan mataki shi ne an ɗora asalin ciwon a kan abin da ya faru da mutum. Dā a kan halinsa ake ɗorawa.

A 1994 Jonathan Shay ya ƙara wani gefe. Ya ga cewa abin da ya fi cin waɗansu sojoji shi ne an ci amanar abin da suka sani daidai ne, ko su da kansu sun aikata abin da lamirinsu ya ƙi. Wannan raunin lamiri shi ne wanda Basil ya hango, fasto kuma zai gamu da shi a wurin soja, ko ɗan sanda, ko saurayin da ya shiga ɗaukar fansa.

Hanyoyin jinya da aka gwada

Daga shekarun 1980 aka fara gwada jinya ta hanyar kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba. Edna Foa ta tsara hanyar da mutum zai riƙa komawa kan abin da ya faru da gangan, a wuri mai aminci, tare da ƙwararre, sau da sau, yana kuma kusantar wuraren da yake gudu kaɗan-kaɗan, har jiki ya gane haɗarin ya wuce. Patricia Resick ta tsara zama 12 da ake bincika tunanin da ya maƙale, irin su "laifina ne" ko "ba wanda za a amince da shi". Francine Shapiro ta fito da hanyar EMDR a 1989, inda mutum yake tuna abin yana bin yatsan mai jinya da ido. Har yanzu ana muhawara a kan aikin da motsin idon yake yi, amma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tare da jinyar gyaran tunani. A 1992 Judith Herman ta farfaɗo da tsarin Janet: aminci tukuna, sa'an nan tunawa da makoki, sa'an nan komawa cikin jama'a.

An kuma yi kuskure babba. Daga 1983 wata hanya ta bazu wadda ake tara mutane kwana ɗaya ko biyu bayan masifa, a sa kowa ya kwashe abin da ya gani da yadda ya ji a zama guda. Kowa ya ɗauka taimako ne. Da aka tattara binciken a 2002, sai aka ga ba ta hana ciwon, a waɗansu gwaje-gwaje ma waɗanda aka yi wa sun fi shan wahala. Yawancin mutane suna farfaɗowa da kansu in suna da aminci da dangi a kusa. Saboda haka jagorar agajin farko na tunani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, tare da World Vision da wata ƙungiya, ta taƙaita aikin a kan a duba bukata, a saurara ba tare da matsa wa mutum ya yi magana ba, a haɗa shi da danginsa da taimakon da yake akwai.

Ikkilisiya a Cile da Afirka

Bayan juyin mulkin 1973 a ƙasar Cile, masana halin ɗan adam da suke aiki a ƙarƙashin wata ƙungiyar agaji ta ikkilisiyoyi suka fara ɗaukar labarin waɗanda aka azabtar, a buga shi a takarda, mutum ya karanta ya sa hannu. Takardar ta zama magani, ta kuma zama shaida. Masanan Jami'ar Konstanz ta Jamus sun gina a kan wannan. Ana shimfiɗa igiya a matsayin rayuwar mutum, a sa furanni a wuraren farin ciki da duwatsu a wuraren masifa, a bi labarin a jere. An gwada a sansanin Imvepi na Yuganda da 'yan gudun hijirar Sudan 43. Bayan shekara ɗaya, kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan jinya suke da sauran ciwon, a sauran rukunan biyu kuwa kusan kashi 80. A gabashin Kwango, binciken da aka buga a 2013 a kan mata 405 da aka yi wa fyaɗe ya nuna hanyar Resick tana aiki a rukuni, ga matan da ba su iya karatu ba, a hannun ma'aikatan ƙauye da aka horar ana kuma duba aikinsu.

A Afirka ta Kudu, Fada Michael Lapsley na Angilikan, wanda bam da aka aiko masa cikin wasiƙa ya cire wa hannu biyu da ido ɗaya a 1990, ya ga cewa kaɗan ne suka sami yin magana a gaban hukumar gaskiya da sulhu ta Bishop Desmond Tutu. A 1998 ya kafa cibiyar warkar da tunani domin sauran. A Ruwanda, bayan kisan ƙare dangi na 1994, 'yan Quaker suka tsara taron kwana uku da yake haɗa Tutsi da Hutu a ɗaki ɗaya. Ma'aikatan ƙungiyar fassara Littafi Mai Tsarki kuma, Margaret Hill, Harriet Hill, Richard Baggé da Pat Miersma, suka shirya littafi domin shugabannin ikkilisiya a yankunan yaƙi, aka buga shi a Nairobi a 2004. Yana koya wa masu bi su rubuta nasu makoki bisa tsarin Zabura, su kai zafinsu gindin gicciye, su kuma san lokacin da za a kai mutum asibiti.

A Nijeriya

Gidajen da Turawan mulki suka buɗe a Kalaba a 1904 da Yaba a 1907 na tsare masu taɓin hankali ne. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya kawo wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta: mara lafiya ya sauka a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Ya gane cewa mutumin ƙasar nan a cikin danginsa yake warkewa. Dokar 1958 ta ci gaba da aiki har Janairu 2023, sa'ad da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

A ranar 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A ranar 29 ga Oktoba na shekarar aka mamaye hedkwatar ikkilisiyar da makarantar Kulp a Kwarhi, malamai da ɗalibai suka gudu. A shekarar da ta biyo, da taimakon 'yan Mennonite, aka aika ma'aikata Ruwanda su koyi tsarin can, suka dawo suna gudanar da tarurrukan warkarwa a tsakanin 'yan gudun hijira. Fastocin da suke koyarwa su ma sun rasa gidaje da dangi.

Abin da makiyayi zai riƙe

Tarihin nan ya nuna cewa kuskuren da aka fi maimaitawa shi ne zargin mai rauni. An ce maƙaryaci ne mai neman diyya, an ce rago ne, an ce mafarki take yi. Namu salon shi ne a ce bangaskiyarsa ce ta yi ƙaranci, ko zunubi ne, ko aljani. Mace da ta faɗi tana ihu da jin ƙarar babura, domin a kan babura maharan suka zo, tsumma ta gani ta tuna maciji. In aka kewaye ta da tsawa ana fitar da aljani, an sake tsorata wadda take a tsorace.

Akwai kuskure biyu da suke fuskantar juna, na Absalom da na zaman gaggawa. Muna cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, muna kuma cewa "a yi haƙuri", kalma ce mai kyau, amma in ta zama murfin rufe baki ta koma shawarar da Rivers ya ga tana cutar da sojoji. A ɗaya gefen kuma, kiran wanda aka sako daga hannun masu garkuwa ya ba da shaida a gaban taro ranar Lahadi ta fari, ko a matsa wa gwauruwa ta furta gafara kafin ta gama kuka, yana iya yin ɓarna. Mutum shi zai zaɓi lokaci, da wanda zai faɗa wa, abin da ya faɗa kuma ba ya shiga wa'azi. A 1 Sarakuna 19 Iliya ya ci, ya sha, ya yi barci kafin Ubangiji ya tambaye shi kome. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru, da suka fara bayyana dalilin wahalarsa ne suka ɓata.

Fasto ba likita ba ne, kada ya gwada hanyar Foa ko ta Shapiro ba tare da horo ba. Abin da yake hannunsa ma babba ne: ziyara, addu'a, sujadar tunawa da waɗanda ba a sami gawarsu ba, wurin makoki a cikin waƙa da karatu, da zumuntar mata da ta matasa da za su riƙe mutum. In alamun sun wuce wata ɗaya suna hana mutum aiki, ko ya shiga giya da ƙwaya, ko yana jin muryoyi, a raka shi asibiti. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware, da sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Jos. Makiyayin da yake ɗaukar labaran nan kullum, shi ma ya nemi wanda zai saurare shi.

Tambayoyin nazari

1. Kwatanta abin da Absalom ya faɗa wa Tamar da abin da Agustin ya koyar. Me kowannensu ya gani, me kuma ya kasa gani?
2. Me ya bambanta jinyar Rivers da zaman gaggawa da aka daina yi, alhali dukansu magana ake yi?
3. Wani dattijon ikkilisiya ya roƙa a sa yarinyar da aka sako daga daji ta ba da shaida ranar Lahadi mai zuwa. Me za ka amsa masa, da wane nassi?
4. Tsara sujadar tunawa domin iyalin da ba su sami gawar ɗansu ba.
5. Wane asibiti ne mafi kusa da wurin hidimarka da za ka iya kai mai wannan ciwo, ta yaya kuma za ka shawo kan danginsa?